Na cire tayil na sa katako a ɗakin barci

Alhamdulillah, yau wata 6 kenan da shimfiɗa katako a ɗakin barcinmu da na yara. Sanyin tayil ne ya ishe ni, lokacin hunturu da asuba in ka sauko daga gado sai ka ji har cikin ƙashi, ga Hajiyarmu da ciwon gwiwa in ta zo kwana.

Na daɗe ina wasi-wasi, don katako zalla yana kumbura da damina, hunturu na shigowa kuma ya tsuke ya bar tsagu. Shi wanda na zaɓa haɗi ne, samansa icen oak (wani ice mai ƙarfi) na gaske mai kaurin milimita 4, ƙasansa kuma falle-fallen filawud da aka manna a gicciye, shi ya sa ba ya motsi sosai. Akwai laminet mai araha amma wannan hoton itace ne kawai aka lulluɓe, in ya goge shi kenan, namu kuwa ana iya kankare shi a sake shafa masa mai.

Kafintan ya sa muka ajiye kwalayen a ɗakin kwana 3 su saba da iska, ya yi feshin gara, ya shimfiɗa leda kan siminti saboda danshi, ya bar tazarar milimita 10 a jikin bango don katakon ya samu wurin motsi. Wallahi na ji kuɗin a jikina, kuma dole na hana mofa mai jiƙe sharkaf, sai tsumma mai ɗan laima. Amma jiya na leƙa na ga autana kwance a ƙasa yana karatu ko darduma babu.