Masu Jar Hula: Daga Unguwa Uku Zuwa Kawo

Sunan jaririn ɗan kawuna ne ya fitar da ni daga Kano. Shi saje ne a rundunar sojan ƙasa, yana zaune da iyalinsa a wani bariki a Zariya, ni kuma da ma ina da hidima a Kaduna, sai na ce bari in biya in yi barka in wuce. Da hantsi na isa tashar Unguwa Uku, na tarar da Sharon tana lodi, saura mutum biyu.

A gidan gaba wani matashin soja ne cikin kaki, jakarsa a kan cinya, yana ta latsa waya. Direbanmu sai fara'a yake, domin duk direban haya ya san amfanin kaki a gidan gaba. Shingen da muka iso, sai a leƙo, a ga kaki, a ɗaga hannu mu wuce, babu tambayar lasin balle takardun mota.

Tun da aka sake gina titin Kano zuwa Zariya, ramukan da a da suke tilasta wa direba taka birki sun tafi, saura imaninsa kawai. Muna barin Kura da gonakin shinkafarta allurar maleji ta haura 120, kafin Kwanar Ɗangora ta leƙa 140. A ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, a irin wannan tagwayen titi motar gida ba ta wuce kilomita 100 a awa, motar haya 90, tirela da tankar mai 60. Tun watan Fabrairun 2017 aka wajabta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Tamu dai ko labarinta ba ta ji ba.

Wata dattijuwa daga baya ta ce, "Direba, don girman Allah, rayuka ka ɗauko fa." Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, ai muna tare da hukuma." Sojan nan bai ko ɗago kai ba ya ce, "Malam, rage wuta. In ka kifar da mu, kakin nan ba zai hana ni karyewa ba." Direba ya sassauta har Tashar Yari, daga nan ya koma halinsa.

A Kwangila, a Zariya, Yaya, wato ɗan kawun nawa, ya ɗauke ni a motarsa. Cikin gari tuƙinsa irin na kowa ne, a kutsa nan, a danna ham can. Amma muna hango ƙofar bariki sai na ga ya gyara zama, ya ja bel ya ɗaura, ya ce in ɗaura nawa, ya sauko giya ta biyu. Daga ƙofa zuwa gidansa tafiyar hawainiya muka yi, alhali titin fayau yake, sai 'yan makaranta jefi-jefi a gefe.

Ban kai ga tambaya ba na ga dalili. A wata mahaɗa kusa da kasuwar mami, wato kasuwar cikin bariki, wani ɗan sandan soja ya tsayar da mai babur. Jar hula a kansa, farin bel a ƙugu, a damtsensa ƙyalle mai haruffan MP. Mai babur ɗin soja ne shi ma, kofur, ya ɗauko buhun gawayi a baya. Bai ce uffan ba. Ya kafe babur, ya ƙame, hannuwa a manne da cinya. Mai jar hula ya zare makulli ya jefa a aljihu, ya fito da ɗan littafi yana rubuta lambarsa da sunan bataliyarsa, a natse, babu ɗaga murya. Buhun gawayin ya karkace yana shirin zamewa, amma kofur ko kallonsa bai yi ba.

Na ce, "Yaya, me ya yi?" Ya ce, "Gudu. Gobe sai gaban kwamandansa. In ya yi sa'a a ƙara masa aiki, in bai yi ba ya kwana gadurum ko a taɓa albashinsa."

Zariya gari ne da ya san jar hula, domin makarantar horar da 'yan sandan soja tana Basawa, sannan ga Defo, inda ake mayar da ɗan farar hula kurtu. 'Yan sandan sojan nan su ne masu kula da ɗa'a a cikin soja: tsaron ƙofa, tsara zirga-zirgar motoci a bariki da ta ayarin soja, binciken laifi, da kamo wanda ya gudu daga bakin aiki. Yaya ya ce ko hafsa ba ya son sunansa ya shiga littafinsu.

Da daddare, bayan an watse daga cin tuwon suna, muka zauna a ƙofar gida da Kawu, wanda ya yi ritaya yana samanja. Na ba shi labarin direbanmu da "muna tare da hukuma". Ya girgiza kai ya ce, "Ɗan nan, mutane sun ɗauka kaki yana sauke wa mutum doka. Ƙara masa yake yi. Kai doka ɗaya kake ɗauke da ita, mu biyu."

Maganar Kawu tana nan a rubuce. Dokar Rundunonin Soja, wadda ta samo asali daga doka mai lamba 105 ta 1993, ta ce a sashe na 114 duk sojan da ya aikata laifin da dokar ƙasa ta hana, ya aikata laifi a dokar soja ma, ana iya gurfanar da shi a kotun soja. Sashe na 170 kuma ya ce wannan bai tauye ikon kotun farar hula na yi masa shari'a ba. Ga kuma sashe na 103, na halin da zai zubar da ɗa'ar aiki, mai faɗin da kusan kowane ganganci zai shige cikinsa. Ita kanta kotun sojan ba ita ce ƙarshe ba, ana ɗaukaka hukuncinta zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara har Kotun Ƙoli, gaban alƙalai farar hula. Wato sojan da ya yi gudun wuce sa'a a motarsa a titin gwamnati, tarar da ke kaina ita ce a kansa, sannan in labari ya kai bariki akwai wani hisabin yana jiransa.

Na ce, "To Kawu, ni fa da na taka mota a cikin barikin nan?" Ya ce ba su da ikon kai ni kotun soja, tunda ban sa hannu a aikinsu ba. Za su iya tsayar da ni, su fitar da ni, su hana ni sake shigowa, in abin ya yi girma su miƙa ni ga 'yan sanda. Tsallen kwaɗon da wasu ke sa farar hula a shingen hanya, in ji shi, babu shi a kowane littafi, son zuciya ne kawai.

Washegari Yaya ya ce zai kai ni Kaduna, yana da saƙo a can. Muna hawa babban titi bayan Ɗan Magaji, mutumin da jiya yake rarrafe da mota ya danna totur har ƙasa. Hularsa ta soja tana kan dashbod, inda kowa zai gani ta gilashi. Na ce, "Yaya, ina doka biyun?" Ya yi murmushi ya ce, "Nan wa zai rubuta sunana?"

A nan gizo ke saƙar. Jami'in kiyaye haɗurra da ke tsaye a rana ba ya riƙe da bindiga, kuma ya san abin da kan biyo baya in aka yi sa-in-sa da mai kaki. Abin mamaki, gwamnatin soja ce ta Janar Babangida ta kafa hukumar tasu a 1988. Ikon yana nan a takarda, amma sau da yawa sai mai babbar kujera ne ke iya amfani da shi. A 2012 sai da gwamnan Legas na lokacin, Babatunde Fashola, ya tsaya da kansa ya tare wani kanar da ya bi layin da aka keɓe wa manyan motocin bas na haya da ake kira BRT. A watan Janairun 2024 Gwamna Sanwo-Olu ya sa aka kama wani soja da ke bin hannun da ba nasa ba a kan babur, a titin Legas zuwa Badagiri. Duka biyun sun zama labari ne saboda ba a saba gani ba. Ni a ganina, dokar da sai gwamna ya sauko daga mota kafin ta yi aiki, da sauranta.

Su ma masu jar hular ba mala'iku ba ne. A Fabrairun 2017 wasu biyu daga cikinsu suka lakaɗa wa wani gurgu duka a Onica saboda ya sa tufafi mai kalar kakin soja. Da bidiyon ya bazu, rundunar ta rage musu muƙami daga kofur zuwa farabiti, ta ɗaure su kwana 21. Da babu mai waya a wurin, Allah kaɗai ya san ko za a ji.

Da muka doshi Jaji, inda kwalejin horar da manyan hafsoshi take, Yaya ya ɗage ƙafa ba tare da na ce komai ba. Wata motar sintiri tana fake a gefen titi, jajayen huluna uku a bayanta. Ya sa hannu ya sauke hularsa daga dashbod ya tura ƙarƙashin kujera, muka wuce a kan 80 kamar mutanen kirki. A Mararrabar Jos tireloli sun cinye rabin titi, dole kowa ya bi a hankali, soja da farar hula. Ya sauke ni a ƙarƙashin gadar Kawo wajen azahar, ya ce in na tashi komowa in kira shi. Na ce ya bar shi kawai, zan nemi motar da ba ta sauri.