Injin da ya dace da jirgin koyo mai rimot

Kafin ka sayi inji, ɗora jirgin a sikeli da batir da tanki da komai. Jirgin koyo mai fukafukai mita 1.5 zuwa 1.6, nauyi kilo 2.3 zuwa 2.7, injin .40 ko .46 yake so, wato cc 6.5 ko 7.5, da farfela 10x6 ko 11x6 (lambar farko tsawon farfelar ce a inci, ta biyu kuma incin da take ci gaba a kowane juyi). Na lantarki kuma, lissafa wajen wat 150 zuwa 170 a kowane kilo.

A nan ƙasarmu Kamaru ni .46 nake ba da shawara. Zafin Garwa a watan Afrilu kan wuce digiri 40, Ngaundere kuma tana kan tudu sama da mita 1,000 daga matakin teku. A irin wannan zafi ko tudu iska ba ta da kauri, inji ya rage ƙarfi, jirgi ya yi ta gudu a ƙasa bai tashi ba. Mai koyo ya ja hancin jirgin sama da ƙarfi, sai fiffike ɗaya ya faɗi.

Babban inji ma matsala ne: hanci ya yi nauyi, saukar ta zo da gudu. Tallafi jirgin da yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukai, a kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na faɗin fiffike daga bakinsa na gaba, tanki ba mai. In hanci ya nutse sosai, matsar da batir baya kafin ka ƙara nauyin dalma a wutsiya.