Tatsar nono a cikin mota ko jirgi: abin da hanya ta koya mini

Na tatsi nono a bas, a jirgin ƙasa da kuma jirgin sama, a watannin da aiki ya riƙa raba ni da jaririna yini guda cur. Duk macen da ta ji haka, tambayarta ta farko ɗaya ce: anya hakan ya dace kuwa, ga mutane zaune? Amsar da nake bayarwa ita ce e, ya dace, muddin buƙata ta kama. Abincin yaro kike tanada, ciwo kuma kike gudu. Nono ba ya jira a isa tasha. A watannin farko, kusan duk bayan awa 3 yake so a rage shi, ko da bakin yaro, ko da hannu, ko da na'ura. In aka wuce lokaci sosai sai ya cika ya yi tauri, ya fara jiƙa riga, hanyoyin da ruwan ke bi su kumbura su matse. In kuwa ana yawan barinsa a cike, jiki zai ɗauka ba a buƙatar mai yawa, sai ya rage samarwa. Mai tafiyar awa 7 ko 8 ba ta da wani zaɓi.

Sai dai ba kowace tafiya ce ta cancanci wannan wahalar ba. In ba ta wuce awa 2 ba, ki shayar ko ki tatsa gab da fita, ki sa ƙyallen tare nono a cikin rigar mama, ki kama hanyarki. Bas ɗin cikin gari da ake cunkuso, wasu a tsaye wasu a zaune, ni ba na buɗe kwalba a cikinsa. Dalilina birki ne da ƙura da gwiwar hannun maƙwabci.

Ta fuskar doka, ƙasashe da yawa sun daɗe da raba gardama kan shayarwa a bainar jama'a. A Birtaniya, dokar daidaito ta 2010 ta hana a muzguna wa mace don tana shayarwa, har a motocin haya. Sikotland tun 2005 ta mayar da hana a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 2 nono ko madara a wurin jama'a laifi. A Amurka, daga 2018 duk jihohi 50 sun halatta shayarwa a fili. Yawancin irin waɗannan dokoki shayarwa suka ambata da suna, amma ni a ganina wanda ya yarda yaro ya sha a kujerar mota, bai da hujjar hana a tatsa wa yaron da aka baro a gida.

Shawarar da za ki fi ji daga masu son taimako ita ce ki shiga banɗaki. Na gwada, ban kuma ƙara ba sai in dole ta sa. Babu inda za ki ajiye kwalba da murfi ba su taɓa ƙazanta ba, ruwan famfon banɗakin jirgi ba na sha ba ne balle a wanke kayan jariri da shi, kuma tatsa tana cin minti 15 zuwa 20, ga layi a bakin ƙofa ana ta ƙwanƙwasawa. Kujerarki ta fi. In da hali ki nemi ta jikin taga, don gefe ɗaya ya zama bango, ba mai tashin ki don ya wuce.

Yanzu kaya. Na'urar tatsa iri uku ce. Akwai ta hannu, mai maƙalli da ake matsawa: ba batir, ba ƙara, ga sauƙi a jaka, amma nono ɗaya take yi a lokaci guda kuma tana cinye hannu biyu, ɗaya na riƙe ɗaya na matsawa. Akwai ta lantarki mai tiyo, wadda ta fi kowacce ƙarfi da saurin sauke nono, sai dai kwalaben suna rataye a gaba, kuma sai kin sa rigar mama mai riƙe su. Sai wadda ake sakawa gaba ɗayanta cikin rigar mama, irin su ƙirar Elvie da Willow, ba tiyo ba waya. Ita ce ta fi dacewa da mota, domin kina iya shiga da ita a jiki, ki danna maɓalli in lokaci ya yi. Amma tana da halinta. Kofinta ƙarami ne, yawanci tsakanin mililita 120 zuwa 150, wasu kuma in kika sunkuya sai su yi yoyo. Ga ni dai, ba ta kwashe nono tas kamar mai tiyo, shi ya sa da na sauka nake sake tatsa sosai ko in shayar.

Ban da na'urar, jakata ba ta rabuwa da kwalabe masu murfi mai ɗaurewa da kyau, ko ledojin ajiye nono guda 3 ko 4, da ƙaramar jakar sanyi mai ƙanƙarar roba biyu da suka kwana a firiza, da man tsaftace hannu mai sinadarin alkohol aƙalla kashi 60 cikin 100, da ƙaramin tawul, da leda biyu, ɗaya ta kaya masu tsafta ɗaya ta waɗanda aka yi amfani da su, da biro mai rubutu a kan roba, da mayafi mai faɗi, da riga ta canji. Rigar da za ki sa ta zama mai buɗewa ta gaba ko mai ɗagawa daga ƙasa. Doguwar riga mai zif a baya, ki bar ta a gida ranar.

Abin da ya fi sauƙaƙa mini aiki shi ne harhaɗa komai tun a gida. Mazurarin da ake kifawa a kan nono, bawul (wato 'yar robar da ke riƙe iskar zuƙa), robar da ke tare nono kada ya koma tiyo, da kwalba, duk in haɗa su da hannu wankakke in sa a leda mai tsafta. A mota ba na son in taɓa cikin komai. In lokaci ya yi, in shafa man tsaftace hannu in bari ya bushe, in shimfiɗa tawul a cinya, in yafa mayafi, in daidaita mazurarin yadda kan nono zai zauna daidai tsakiya. In fara da saurin nan mara ƙarfi, mai kwaikwayon tsotson farko na jariri, minti 1 ko 2, har in ji nono ya kawo. Daga nan in koma zuƙa mai nauyi a hankali, in ƙara ƙarfi har inda ya fara damuna, sannan in rage mataki ɗaya. Ƙarfin da ke sa zafi ba ya ƙara ko ɗigo, hasali ma ragewa yake yi. Da na gama, in kashe na'urar tukuna, in ɗan karkata gaba don abin da ya rage a mazurari ya gangara kwalba, in sa yatsa a gefe in saki iskar, kana in cire. Murfi nan take. Juye nono daga kofi zuwa leda kuwa, sai mota ta tsaya ko jirgi ya daidaita, domin a nan ne ɓarin ya fi yawa.

Matsalar da ta fi ba mata mamaki a karon farko ita ce a kunna na'ura, a zauna minti 10, kwalba ba komai. Nonon yana nan, sakinsa ne jiki ya ƙi. Sinadarin oksitosin ne ke matse ƙananan jakunkunan da ke riƙe da ruwan nono ya turo shi waje, kuma tsoro da kunya da fargaba suna danne shi. Wadda take zaune a takure tana leƙen ko wani na kallonta, nononta ba zai kawo da wuri ba. Abin da ya yi mini amfani: in saki kafaɗu, in ja numfashi a hankali, in kalli hoton yaron ko in saurari kukansa da na naɗa a waya, in shafa nonon sama-sama daga gefe zuwa kai, sannan in daina kallon kwalbar. Kuma kada ranar tafiya ta zama ranar koyo. Ki gwada a gida sau da yawa, a zaune a kujera, da mayafin a jikinki, har hannunki ya san hanya ba tare da ido ba.

Matsala ta biyu girman mazurari ne. Yawancin na'urori da mai milimita 24 suke zuwa, alhali mata da yawa ƙasa da haka suke buƙata. Faɗin kan nono ake aunawa daga gindinsa, ban da baƙin da ke kewaye da shi. In mazurarin ya yi girma, baƙin zai riƙa shiga ciki yana kumbura. In ya yi ƙanƙanta, kan nono zai goge da bango ya yi zafi ko ya tsage. Akwai ƙananan robobi da ake cusawa ciki don rage faɗin. In kuma zuƙar ce ta yi rauni haka kawai, kafin ki zargi batir ki duba bawul. Wannan 'yar robar mai kama da bakin agwagwa, in ta tsage ko bakinta ya saki, iska ta tsere ke nan. Ina ajiye ɗaya ta canji a jaka kullum, ba ta da nauyin komai. Batir kuma ki cika shi a gida, kada ki dogara da soket ɗin jirgi.

Duk da haka, ki iya tatsa da hannu, don ranar da na'ura za ta ci amanarki. Babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, kamar santimita 2 zuwa 3 daga kan nono. Ki tura baya wajen ƙirji, ki matse yatsun biyu, ki saki, ki maimaita, kina zagayawa. Ba a jan kan nono, ba a kuma goga yatsa a kan fata. In ba ki da wuri mai tsafta na tarawa, ki rage kaɗan a cikin tawul har taurin ya sauka. Asarar mililita 30 ta fi kwana uku na ciwon nono sauƙi.

Ajiya ita ce inda ba na wasa ko kaɗan. Ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta bayar ita nake bi: sabon nono yana iya zama har awa 4 a wurin da zafinsa bai wuce digiri 25 na ma'aunin Celsius ba, kwana 4 a firij, wata 6 a firiza ya fi kyau, ko da yake ana iya kai shi wata 12. A jakar sanyi mai ƙanƙara kuwa, har awa 24. Mota mai zafi ta wuce digiri 25 nesa ba kusa ba, saboda haka da an rufe murfi sai jakar sanyi. Kwalbar ta jingina da ƙanƙarar, kuma a daina buɗe jakar ba dalili. Ki rubuta rana da lokaci a jiki. Kada ki zuba mai ɗumi a kan wanda ya riga ya yi sanyi, ki bar kowanne a mazubinsa sai sun yi sanyi ɗaya. Ki raba shi kaɗan-kaɗan, mililita 60 zuwa 120, domin abin da yaro ya sha ya rage, bayan awa 2 zubarwa ake yi. In za ki daskarar, ki bar sarari a sama, don yana kumbura. In kin ga maiƙo ya taso sama ruwa ya kwanta ƙasa, bai lalace ba, jujjuya kwalbar a hankali zai haɗe. A jirgin sama ki fitar da iskar da ke cikin leda kafin ki rufe, ki sa ta cikin wata ledar, saboda canjin matsin iska yana buɗe bakin da bai kama sosai ba.

Wanke kaya a hanya ba ya yiwuwa yadda ya kamata, shi ya sa in zan tatsa sau biyu nake ɗaukar saiti biyu. Wanda aka yi amfani da shi ya shiga ledarsa, a wanke da ruwa da sabulu in an isa, a bar shi ya bushe da kansa. Goge shi da tishu mai laima ba wanki ba ne. In jaririn bakwaini ne, ko bai kai wata 2 ba, ko yana da raunin garkuwar jiki, a riƙa tafasa kayan ko a turara su aƙalla sau ɗaya a rana.

Masu bin jirgin sama su duba ƙa'idar filin da za su tashi. A Amurka ana barin ruwan nono ya wuce iyakar mililita 100 da aka sa wa kayan ruwa a jakar hannu, tare da ƙanƙararsa, ko da yaron ba ya nan, sai dai ki fito da shi ki nuna wa masu bincike. A Birtaniya ma ana bari, a mazubin da bai wuce mililita 2,000 ba, amma daskararre ba ya shiga jakar hannu. Na'urar da batir ɗinta kuma su kasance tare da ke a cikin jirgi.

Su mutane fa? Yawancinsu ba sa ma lura, ƙugin inji yana haɗiye ƙarar na'urar. Wanda ke gefena ne kawai nake yi wa magana, a taƙaice: "Malam, ka yi haƙuri, zan ɗan tatsa wa jaririna abinci, minti kaɗan ne." In mace ce, "'Yar'uwa, zan ɗan rage nono." Sanarwa ce nake yi, ba izini nake nema ba, kuma sau da yawa mutum da kansa yake juya fuska ya ba ki wuri. A jirgi, in kin gaya wa ma'aikaciya tun farko, tana iya sauya miki kujera in akwai wadda ba kowa, ko ta kawo miki ƙanƙara in taki ta narke.

Bayan doguwar tafiya ki laluba nonon duka biyu. In kin ji ƙulli mai zafi, ki ci gaba da shayarwa kamar yadda kika saba, ki ɗora abu mai sanyi, kada ki murza da ƙarfi, kada kuma ki yi ta tatsa ba ƙaƙƙautawa, domin hakan ƙara kumburin yake yi. A fata mai duhu ja ba ya fitowa sosai, don haka zafin wurin da ciwonsa za ki bi. In zazzaɓi ya shigo da rawar sanyi da ciwon jiki kamar mura, ko kuma kwana ɗaya ya wuce ba sauƙi, ki je asibiti a duba ki.