Saƙon godiya bayan haɗarin da muka yi, da abun da aka gano a birkin motar

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi an sallamo mu daga asibiti muna gida, ni karaya ce a hannu an sa filasta, maiɗakina buguwa ce a wuya da ƙirji kuma likita yace babu abun da ya taɓa ƙashin baya, ita kuwa ƙaramar 'yarmu ko ƙwarzane babu sai dai tsoron da har yanzu bai gama sakinta ba. Kira da saƙonni sun yi yawan da ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba shi yasa nace bari in rubuta a wuri guda.

Ga waɗanda suka ji labarin rabi da rabi, birki ne ya ƙi. Muna saukowa gangara motoci sun tsaya a gaba, na taka birki ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka soso, na ɗaga na sake takawa na kuma takawa babu komai, sai na dinga rage giya ina jan birkin hannu a hankali dan kar tayoyin baya su kulle motar ta juya da mu, Allah ya taimaka gudun ya ragu na karkata gefe muka daki bakin kwalbati maimakon bayan motar mutane.

Bayan godiya ga Allah sai mutanen da suka tsaya a kanmu a wurin, waɗanda ko sunan ɗaya ban sani ba. Direban babbar motar da ya gindaya motarsa a bayanmu ya sauko yana ɗaga wa masu tahowa hannu, matashin da ya ji warin fetur ya buɗe bonet ya cire kan batir kafin kowa ma ya tuna da zancen wuta, baiwar Allahn da ta rungumi yarinyar tana lallashinta har aka gama fito da mu. Sai wata nas da take wucewa, wallahi ita ta hana mutane su finciko maiɗakina ta taga, ta tsaya kai da fata tace kar wanda ya motsa mata wuya, ta shiga ta riƙe mata kai da hannu biyu har aka samo abun da za a shimfiɗe ta a kai. Daga baya likita yace da akwai karaya a wuyan to wannan finciko da ake yi da kyakkyawar niyya shi ke shanye wa mutum jiki. Wanda ya kai mu asibiti ko kuɗin mai ya ƙi karɓa, wayata da walat ɗina kuma aka kawo min su cif babu abun da ya ɓata. Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku da iyalanku a duk hanyar da kuka hau.

Likitoci da nas-nas da masu ɗaukar hoton ƙashi har da masu shara da suke leƙowa suna mana sannu, na gode. Inna da Yaya babba da surukaina da suka raba kwana a asibiti, maƙwabta da suka riƙe mana sauran yaran, abokan aiki da suka ɗauke min nauyin ofis ba tare da na roƙa ba, ba ni da bakin gode muku. Kuma ku yi min dariya in kun ga dama amma har Nils Bohlin sai da na tuna, injiniyan kamfanin Volvo da ya ƙirƙiro bel ɗin nan mai ratsa ƙirji da ƙugu a 1959 kamfanin kuma ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da shi kyauta, shatin bel ɗin na nan a ƙirjina kuma ba na ƙorafi ko kaɗan.

To yanzu sai wanda ya sa rubutun nan zai yi tsawo, yabon gwani ya zama dole. Bayan janwe ta ɗauke motar Kawu ya kai ta wurin wani dattijon makanike abokinsa, kowa Baba yake ce masa nima haka zan kira shi. Da na ɗan samu ƙarfi aka kai ni garejin, ya ba ni kujera yace ɗana zauna in nuna maka abun da ya so kashe ku. Ya buɗe murfin ɗan kofin da ake zuba man birki, robar da ke cikin murfin ta kumbura ta yi laushi har ba ta komawa mazauninta. Ya zuƙo man ya zuba a kwalba ya ƙara ruwa ya girgiza ya ajiye, can sai ga wani jan mai ya taso ya kwanta a sama. Yace man birki na gaskiya gauraya yake da ruwa, wannan da ya taso man sitiyari ne. Robobin da ke cikin birki an yi su ne dan man birki kaɗai, duk man da aka tace daga ɗanyen mai, baƙin mai ne ko na giya ko na sitiyari, kumbura su yake yi su lalace, kuma ba ranar da aka zuba abun ke nunawa ba, sai mutum ya yi ta yawo hankali kwance robar masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, na narkewa a hankali. Yace tun ƙarshen shekarun 1960 ake raba birkin mota hanya biyu dan in ɗaya ta fashe ɗayar ta tsayar da kai, amma duka biyun daga kofi ɗaya suke shan mai, to wanda ya zuba man da bai dace ba ya kashe su tare.

Ba a daɗe ba kafin haɗarin na kai motar wani gareji aka canza min fad ɗin birki. Kawu da Baba suka je can, aka bincika, ashe ogan ya fita ya bar wa yaro aikin, man birki ya ƙare, yaron ya ɗauko galan ɗin da ke kusa ya cika. Da aka tambaye shi cewa ya yi ai duk mai ne. A jikin murfin fa rubuce yake ɓaro-ɓaro DOT 3 ko DOT 4 kawai, wato nau'in man birkin da ya dace a zuba, amma ba a taɓa nuna masa wannan rubutun ba balle a gaya masa ma'anarsa. Shi kuwa ogan sai cewa ya yi ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara ɗari bisa ɗari, amma ban taɓa jin inda ƙaddara ta ɗauke wa mutum alhakin amanar da aka ba shi ba. Yaron na yafe masa har zuciyata, ban ga laifinsa sosai ba, kuma masu cewa in faɗi sunan garejin ku yi haƙuri ba zan faɗa ba, an zauna da manya an yi magana.

Baba bai tsaya a birki ba, yace tunda ta zo hannunsa sai ya bi ta daga gaba har baya, nan fa na ga tarihin duk hannun da ya taɓa motar. An cire tamostat, abun da ke daidaita zafin injin, an jefar an haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga tada mota, wai maganin zafi kenan, alhali injin an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90, in bai kai ba kwamfutar motar ɗauka take har yanzu da sanyi ta dinga ƙara mai, ga shan fetur ga cin injin, ainihin abun da ya kawo zafin kuwa lagireto ne da ya toshe kuma yana nan a toshen. Fiyus ja mai amfiya 10 ya ƙone an naɗa masa zaren waya an mayar, yace fiyus an yi shi ne ya mutu dan wayarin ya tsira, in ka hana shi mutuwa to wayar da ke ƙarƙashin dashbod ce za ta ci wuta. Fitilar nan mai hoton injin da na yi murna an gyara ta daina kamawa, ashe baƙin salatif aka manna mata ta baya. Notikan taya kuwa an zura bututu a sifana an hau an taka har zaren biyu ya miƙe, ya ɗauko sifanarsa mai awo ya nuna min, yace yawancin ƙananan motoci tsakanin 100 da 120 ne a ma'aunin niyuton-mita kuma kowace mota nata na cikin littafinta. Har man birkin ma yace ko na gaskiya ne tsotsar ruwa yake daga iska, DOT 4 sabo sai digiri 230 yake tafasa amma in ya sha ruwa ya sauko 155, shi yasa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara 2, ni dai ban taɓa jin makaniken da ya tuna min da wannan ba.

Na tambaye shi Baba wai me ya samu sana'ar nan ne. Yace gaggawa da rashin awo. Yaro yana iya kwance taya da canza filogi sai ya ga ai ya gama, ya tattara sifanu ya buɗe nasa ya ɗauki nasa yaran, ƙaramin sani ƙuƙumi ne kuma shi zai koyar da na bayansa. Iyayen gidan ma da yawa aike da wanke-wanke suka mayar da yara, ba sa zama su ce ga dalilin da ya sa ake yin kaza. Amma abun da ya burge ni bai tsaya yana yabon zamanin da ba, yace motar ce ma ta canza a ƙarƙashinsu, shi a kan kafireta ya koyi aiki yana gane ciwo da kunne, yanzu kuwa mota cike take da kwamfutoci da sansa. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can soket ɗin OBD-II da ake jona na'urar gano matsalar mota, Turai ta biyo baya a 2001 ga masu amfani da fetur. Da girmansa ya ɗauko wani matashi da ya iya na'urar suna aiki tare, kowa na koyo a wurin ɗan uwansa. Matashin yace min babbar matsalar masu sa wa mota kwamfuta ita ce suna ɗauka lambar da ta fito sunan abun da za a canza ne, misali P0171 cewa kawai take iska ta fi mai yawa a cikin haɗin, sai a ruga a sayo sansa sabuwa alhali wani tiyo ne ya tsage yana shan iska, a yi ta canza kaya da aljihun mai mota har a dace.

Ni a ganina akwai rainin da ake wa aikin hannu a cikin maganar nan, yaron da aka ga ba ya ja a makaranta shi ake turawa gareji, aikin da ke buƙatar karatu da lissafi kuma rayukan mutane na rataye a kai. A Jamus shekara 3 da rabi ake koyon gyaran mota, ana raba lokaci tsakanin gareji da aji, a ƙarshe a yi jarrabawa. A Amurka akwai hukumar tantance makanikai ta ASE tun 1972, ba ta ba makanike shaida sai ya ci jarrabawa ya nuna ya yi aiki da hannunsa, kuma duk shekara 5 sai ya sake zama. Su ma can kuka suke da ƙarancin ƙwararru, ga kamfanoni na ɓoye bayanan gyara har sai da jihar Masacusets ta yi doka a kai a 2012. Masu mota su ma ba su fita ba, ana son aiki yanzu-yanzu kuma a mafi araha, makaniken da yace a bar ta ta kwana ya auna sai a ce ya cika sanyin jiki a kai wa mai sauri.

Masu zuwa dubiya kuwa kowa da nasa labarin, har abun ya koma ba'a. Wani mai wayarin ya ja masa hita da siririyar waya ta fitila babu ko wayar ƙasa, wani magini ya zuba masa kankare washegari ya fara ɗora bulo babu ban ruwa, alhali kankare na son aƙalla kwana 7 yana jiƙe kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, wata kuma tayil ɗin falonta ƙwanƙwasawa kake ka ji rami a ƙasa. Na gode muku kun sa ni dariya duk da ƙirjin na ciwo.

Baba, na san ba ka karanta irin waɗannan abubuwa amma Kawu zai karanta maka. Na gode da ka zaunar da ni ka nuna min komai da idona, ka ajiye duk abun da ka cire a kwali kace kayana ne, kuma na ji labarin ka ce a turo maka yaron nan ya dinga zuwa kana koya masa, wannan ya fi gyaran motar faranta min rai. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya albarkaci zuri'a. Masu tambayar yaushe motar za ta fito, an canza masta da kalifa, wato abun da ke matse fad a taya, da tiyo duka an wanke bututan, saura na'urar ABS mai hana tayoyi kullewa in an taka birki da ake jira dan yace ita ma akwai roba a cikinta kuma ba zai ba ni makulli ba sai ta zo. Masu neman lambarsa kuma sai na nemi izininsa tukunna, in ya amince zan tura wa kowa ta waya.