Abin da zanen Birtaniya ya koya mini game da kallon hoto

Babban darasin da na ɗauka daga karatun tarihin zane da ɗab'i na Birtaniya shi ne, kafin mutum ya yanke hukunci a kan kyawun hoto, ya kamata ya tambayi da me aka yi shi, domin kayan aikin ne ke fayyace abin da mai zane zai iya da abin da ya fi ƙarfinsa.

William Hogarth, wanda ya rayu a Landan daga 1697 zuwa 1764, a kan farantin jan ƙarfe yake aiki. Ana tsaga layuka da ƙarfe mai tsini, a cusa tawada a cikinsu, a goge saman, sannan a danna takarda mai laima da ƙarfi har ta tsotso tawadar. Da yake faranti guda yana fitar da kwafi masu yawa, hoton ya daina zama na attajirai kaɗai. Zanensa na 1751 mai suna Gin Lane, inda wata uwa da barasar gin ta ɗebe wa hankali ta saki jaririnta yana faɗowa daga kan matakala, an sayar da shi sule ɗaya, kuma a shekarar ce majalisa ta tsaurara dokar sayar da wannan barasa. Tun kafin nan, masu kwaikwayon aikinsa ba izini sun sa ya nemi kariya, har aka kafa dokar haƙƙin masu sassaƙar hoto a 1735.

Amma wanda ya fi zama mini malami shi ne Thomas Bewick na Newcastle. Shi katako mai tauri yake samu, a yanka shi a gicciye, ya sassaƙa a kan fuskar yankan da irin ƙarfen masu jan ƙarfe. A nan lamarin ya juye, domin duk inda ya sassaƙe fari zai fito, inda ya bari kuwa shi zai ɗauki tawada. Idan aka ɗora madubin ƙara girma a kan tsuntsayen littafinsa na 1797, za a ga ƙirjin tsuntsu an gina shi da ƙananan tsagu farare, kowanne an yi shi sau ɗaya ba gyara, wani wurin ma ya ɗan rage tudun katakon don tawadar ta fito a dusashe kamar nesa. Ga shi kuma katakon yana shiga injin bugu tare da haruffa, abin da ya saukar da kuɗin littattafai masu hotuna ƙwarai. A ganina, ƙaramin tsuntsun Bewick ya fi manyan hotuna da dama nuna haƙuri da sanin abin da ake zanawa.

Na kuma koyi neman sunayen da ba a cika ambata ba. Hotuna 42 da John Tenniel ya zana wa littafin yara na Lewis Carroll mai suna Alice's Adventures in Wonderland a 1865, 'yan'uwan nan na gidan Dalziel ne suka sassaƙa su a katako, layi bayan layi. Da bugun farko ya fito bai gamsar da Tenniel ba, sai aka janye shi aka sake wani, saboda ya san cewa abin da mai karatu zai gani ya rataya ne a hannun mai sassaƙa da mai bugu kamar yadda ya rataya a nasa.