Abin da faɗuwa ɗaya ta koya mini

A ƙarshen wannan wata zan bar ɗakin bincikenmu bayan shekara uku ina aiki a kan tsayuwa da tafiyar mutum-mutuminmu mai ƙafa biyu, kuma har yau ranar da ya faɗi a gaban baƙi ita ta fi tsaya mini a rai.

Laifin farko nawa ne. Na'urar da ke auna karkatar jikinsa tana kawo bayanai masu rawa, sai na ƙara tace su domin gwiwoyinsa su daina karkarwa, kuma a kwaikwayon kwamfuta komai ya tafi daidai. Ban yi lissafin jinkirin da tacewar ta haifar ba. Mun gina tsarinmu a kan hanyar da Shuuji Kajita, masanin mutum-mutumi ɗan Japan, ya fitar a 2003, wadda ke ɗaukar jiki tamkar sanda tsaye a tafin hannu, nauyinta a sama, tare da ƙa'idar Vukobratović, masani ɗan Sabiya, ta cewa dole cibiyar matsi, wato inda dannawar ƙafa a kan ƙasa ta tattaru, ta zauna cikin iyakar tafin ƙafar da ke ƙasa. Idan cibiyar nauyi tana tsayin santimita 80, karkata takan kusa ninkawa uku cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa, don haka gyaran da ya makara kaɗan ƙara tura jikin yake yi. A taku na shida ya kife ta gefen hagu, giyar kwankwasonsa ta karye, aiki ya tsaya watanni.

Sai dai ba ni na kwance igiyar tsaro da ke tare shi daga sama idan zai faɗi ba. Shugaban sashenmu ne ya ce igiya tana rage wa nunin kwarjini, ya kafa hujja da gasar mutum-mutumi da DARPA, hukumar binciken tsaro ta Amurka, ta shirya a 2015 a garin Pomona na jihar California, inda aka hana amfani da ita, bai ko ambaci yadda mutum-mutumi suka riƙa zubewa a can ba. Na roƙi mako ɗaya na gwaji a daɓen zauren, ya ƙi, kuma da aka rubuta rahoto sunana kaɗai ya fito. Ga wanda zai gaje ni: duk umarnin cire igiya, ka nemi a ba ka shi a rubuce.

Sauran darussan gajeru ne. A auna jinkiri kafin a taɓa komai, kuma kada a amince da ƙasar kwaikwayo, domin ba ta santsi ba ta lotsawa.

Bayan gyara na sake rubuta sashen da ke zaɓar inda ƙafa za ta sauka idan an ture shi, kuma da shi yake tafiya har yanzu, ko a kan darduma.