Tarihin Rayuwata, Fitowa ta 11: Jaririn da Ba Ya Kuka

A makon jiya na tsaya a inda aka ɗauke ni daga ɗakin haihuwa aka mayar da ni sashen kula da shayarwa, bayan na dawo daga horon da aka tura mu. Abokan aikina da yawa sun ɗauka hutu aka ba ni. Wata ma har ta ce min, "Ke kam kin huta da jini da tsayuwar dare, yanzu sai koya wa mata abin da Allah ya riga ya koya musu." Ban ja da ita ba, domin haka akasarin mutane ke kallon aikin, har da wasu masu sanye da farin kaya.

Horon da muka yi an gina shi ne a kan matakai goma na samun nasarar shayarwa, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 1989, suka kuma zama ginshiƙin shirin asibitocin da ke goyon bayan shayarwa wanda aka ƙaddamar a 1991. A sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a bar shi jiki da jiki da uwarsa, kada a raba su ɗaki, kada a ba shi komai sai nono sai dai in da dalilin likita. Duk na san su kamar sunana. Amma rabin aikin da na tarar a teburin nan tantancewa ce. Duk jaririn da aka dawo da shi bayan sallama ta gabana zai fara bi, ni ce kuma zan yanke wanda za a ruga da shi wurin likita, da wanda zai zauna da ni mu gyara shan nono, da wanda za a kwantar wa uwarsa da hankali su koma gida.

Kayan aikina ba su da yawa: sikeli, ma'aunin zafi, agogo mai hannun daƙiƙa, sai rajista. Babbar sistar da na gada a wurin, wadda ta kusa ritaya a lokacin, abu ɗaya ta nanata min ranar da za ta miƙa min makullin kabad. Ta ce, "'Yata, kada ki zauna layi ya zo ya same ki. Tashi ki bi layin da ƙafarki, ki buɗe kowane zani ki ga fuska."

Abin da ake nema a fuskar nan sananne ne. Jaririn da ya daina kama nono, ko yake jijjiga, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko ƙirjinsa ke lotsawa sosai in ya ja numfashi, ko ba ya motsi sai an taɓa shi, ko zafin jikinsa ya sauka ƙasa da 35.5 ko ya haura 38, wannan ba ya bin layi. Haka wanda shawara ta bayyana a jikinsa tun ranar da aka haife shi, ko ta sauko har tafin hannu da tafin ƙafa. A cikin alamun nan duka, wadda ta fi saurin bayyana ita ce ta shan nono, ita ce kuma wadda aka fi rainawa a gida. Jariri ba shi da bakin da zai ce kaina ke ciwo. In wani abu ya taɓa shi, sau da yawa nono yake fara saki, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Wata safiya benci ya cika, akwai wani yaro ɗan mako uku da ya cika wurin da ihu, uwarsa na ta jijjiga shi tana roƙon a fara da ita. Na duba shi a tsaye: fata sumul, ido tarwai, kunzugu jiƙe sharkaf. Na ce ta ƙara haƙuri. Can ƙarshen benci na hango wata mai jego ƙarama, haihuwar fari, tana zaune a karkace, kusa da ita wata dattijuwa na rungume da jariri a cikin tawul. Su ne suka zo a ƙarshe, kuma ba don yaron suka zo ba. Nonon uwar ne ya kumbura ya hana ta barci.

Na ce, "Mama, bari in ga jikan naki."

Ta ɗaga tawul ɗin tana murmushi. "Ai Sista wannan ba shi da matsala, yaron kirki ne. Ba ya kuka ko kaɗan, barcinsa kawai yake yi. Uwar ce za ki duba mana."

Kwanansa biyar a duniya. Fuskarsa ta yi ɗorawa har zuwa ciki, leɓensa ya bushe, maɗigarsa ta ɗan faɗa. Na shafa tafin ƙafarsa, ya motsa kaɗan, ya buɗe baki kamar zai yi kuka, sai wata 'yar murya ta fito a shaƙe, ya koma barci. Na tambayi uwar yaushe rabonsa da nono. Ta ce tun tsakar dare, kuma ko a lokacin sau biyu ya ja ya saki. Fitsari fa? Suka kalli juna. Jiya sau biyu suka canja masa kunzugu. Na buɗe wanda ke jikinsa, a bushe yake, sai wani ɗan tabo ja-ja kamar garin bulo a tsakiya, ga kashi har yanzu baƙi-baƙi mai danƙo.

Wannan kunzugun ya gama faɗa min komai. Jaririn da ke samun nono yadda ya kamata yana sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Zuwa kwana na biyar ko na shida ya kamata ya jiƙa kunzugu aƙalla sau shida, baƙin kashin farko kuma ya riga ya juye ya zama ruwan ɗorawa. Jan tabon nan ba jini ba ne, gishirin fitsari ne da ya yi kauri. A kwana biyun farko ba ya tayar mana da hankali, amma a kwana na biyar yana nufin ruwa bai ishi jikin ba.

Na ɗauke shi da kaina na wuce gaban layi. Aka fara gunaguni a bayana, wata ta ce da ƙarfi ashe a nan ma sai ka san wani. Na juyo na ce, "Ku gafarce ni iyayena, duk zan gan ku. Wanda ke da ƙarfin kuka zai iya jira, wannan ba zai iya ba." Wurin ya yi tsit.

Katin haihuwarsa ya nuna giram 3,200. Sikelina ya nuna 2,780. Kusan kowane jariri yana raguwa a kwanakin farko, yawanci bai wuce kashi 7 cikin ɗari ba, ya kuma maido da nauyinsa cikin kwana 10 zuwa 14. In raguwar ta haura kashi 10 sai an bincika. Tasa ta kai kashi 13. Na kira likitan yara, aka ɗebi jini nan take don duba sukari, da sinadarin sodiyam, wato gishirin jini, da yawan shawarar, da kuma ko akwai ƙwayoyin cuta, domin jaririn da ya yi laushi haka ba a yanke hukuncin yunwa ce kaɗai sai an tabbatar. Sodiyam ɗin ya hau. Aka ba shi gado, aka sa shi ƙarƙashin fitilar shawara, aka fara mayar masa da ruwa a hankali. Kakar ta matsu, tana tambayar me ya sa ba za a ɗura masa ruwan da yawa ya farfaɗo ba. Na bayyana mata cewa in aka sauke gishirin jini da gaggawa ƙwaƙwalwa na iya kumbura har ya yi jijjiga, shi ya sa ake bi sannu a hankali, kwana biyu ko fiye.

Daga nan nawa aikin ya fara, domin likita zai gyara jinin, amma in ba a gano abin da ya hana yaron samun nono ba, bayan mako guda za su dawo.

Na ja labule na zauna da uwar. Da ta buɗe ƙirjinta na ga abin da take ɓoyewa. Nonon ya cika ya yi tauri yana sheƙi, kan nonon duka biyu ya tsage, ɗaya har da ɓawon jini. Na ce, "Ƙanwata, tun yaushe kike jin wannan zafin?" Ta ce tun ranar farko, amma an ce mata haka shayarwa take, a daure. Sai hawaye. Ta ce ita dai ta san nononta ne ba shi da kyau.

Wannan maganar na ji ta daga bakin mata ba adadi, kuma har yau tana sosa min rai. Nononta lafiyarsa ƙalau. Yaron kan nonon kaɗai yake kamawa, yana tsotsa yana murje shi da dasashi, abin da ke fitowa bai taka kara ya karya ba. A kwana biyun farko hakan bai fito fili ba, domin dakashi kaɗan ne, cikin jariri ma a ranar farko bai fi ya ɗauki cikin ƙaramin cokali ɗaya ba a kowane sha. Da ruwan nono ya kawo a kwana na uku, ba a zuƙe shi ba, sai ya taru ya yi tauri har ɗan bakin ya kasa kama komai. Yaro bai ƙoshi ba sai ya gaji, ya gaji sai ya yi barci, bai yi kashi ba sai shawara ta ƙaru, shawarar kuma ta ƙara masa barci. Nonon da aka bari a cike shi ma yana aika wa jiki saƙon a rage samarwa. Haka abin ke zagayawa, a gida kuma ana ta yabon yaro mai haƙuri.

Na sa ta wanke hannu, na nuna mata yadda za ta danna baƙin da ke kewaye da kan nonon da 'yan yatsunta na ɗan lokaci har wurin ya yi laushi. Sannan ta ɗora babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, ta tura baya wajen ƙirji, ta matsa, ta saki. Da farko ɗigo-ɗigo, can sai ga shi yana tsartuwa cikin kofi. Ta tsaya tana kallon kofin, ta ce, "Sista, duk wannan nawa ne?"

Abin da ta tatsa a daren farko bai kai adadin da likita ya ƙayyade ba, aka cike da madarar gwangwani a bisa awo. Ba na ɓoye wannan, kuma ba na ganin laifinsa. Na tsaya tsayin daka a kan nonon uwa zalla har wata shida, ina kuma goyon bayan ƙa'idar duniya ta 1981 da ta hana tallata madarar jarirai da raba ta kyauta a asibitoci. Amma jaririn da ya bushe ba ya jiran a gama muhawara. A ciyar da shi yau, a kare nonon uwarsa da tatsa duk bayan awa uku, gobe a janye madarar. Haka kuwa aka yi.

Kakar ce ta same ni a gefe ta faɗa min, murya ƙasa-ƙasa, cewa ta riƙa ɗiga masa ruwa da cokali saboda ta ga leɓensa ya bushe. Ban yi mata faɗa ba, idonta ya ga gaskiya, ƙishirwa yake ji. Na ce, "Mama, kin gani daidai. Sai dai kusan kashi 87 cikin ɗari na nono ruwa ne, ruwan da kika ba shi kuma ya cike ɗan gurbin da nonon zai shiga." Na koya mata ba da nono a kofi: a zaunar da jariri a miƙe, a jingina bakin kofin a leɓensa na ƙasa, nonon ya taɓa leɓen kawai, shi zai lasa da kansa, ba a zuba masa. Kafin a sallame su ta fi wasu ɗalibaina iyawa.

Ranar da ya farfaɗo sosai muka mayar da shi nono. Na sa uwar ta jingina, ta juyo da shi cikinsa a jikin cikinta, kunne da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya, hancinsa daidai kan nonon. Na ce ta jira, kada ta cusa masa. Ya shinshina, ya ɗaga kai, ya wage baki sosai, sai na ce, "Yanzu, jawo shi." Haɓarsa ta nutse a nonon, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin nonon ya fi fitowa ta saman bakinsa. Ya yi 'yan ja da sauri, sannan ya koma ja mai zurfi a hankali, yana ɗan tsayawa. Na ce ta kasa kunne. Muka ji haɗiya, ƙut, ƙut. Ta ɗago ta ce, "Ba zafi."

Sun dawo awo bayan sallama, ya haura nauyin haihuwarsa, kuma a wannan karon tun daga ƙofa ake jin muryarsa.

Ban gama rubuta nauyin nasa a rajista ba aka aiko daga ɗakin jarirai cewa ana nemana. An kawo wata bakwaini da ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kwalaben da ake sa jarirai duk sun cika, uwarta kuma tana kwance bayan tiyata. Dabarar da ta rage mana ita ce wadda aka faro a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, wato a ɗaure jariri tsirara a ƙirjin babba dare da rana. Wanda ya ba da ƙirjinsa a wannan daren ba wanda kowa ya zata ba ne. Daga nan za mu tashi a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.